Yadda Ake Auna Faɗin Labule Kafin a Ba da Ɗinki

Kalmar "faɗi" a harkar labule tana ɗauke da ma'ana uku, kuma rikicin da kan taso tsakanin mai ba da ɗinki da tela sau da yawa daga nan yake farowa. Akwai faɗin tagar kanta, akwai faɗin sanda ko layin da za a rataya labulen a kai, sannan akwai faɗin yadin idan an shimfiɗa shi a ƙasa kafin a tattara shi. Tagar da faɗinta santimita 150 ne tana iya buƙatar sanda mai santimita 190 da yadi mai faɗin santimita 400, kuma dukkan lambobin nan uku daidai suke, muddin an san wanne ake nufi da kowace. Idan mutum ya ce wa tela "faɗin 150 ne" ya tsaya a nan, ya bar masa aikin zato, kuma labulen da aka yanka bisa zato ba ya gyaruwa cikin sauƙi, domin ana iya rage yadin da ya yi yawa amma ba a mayar da wanda almakashi ya riga ya ci. Da wannan taga mai santimita 150 za mu yi misali har ƙarshe, domin lissafin ya fito fili.

Mataki na farko: kayan awo da tsayar da ma'auni ɗaya

A nemi tef ɗin awo na ƙarfe, irin wanda kafintoci da magina ke amfani da shi. Tef ɗin tela mai laushi yana da amfani wajen auna jiki, amma a kan bango yana lanƙwashewa a tsakiya, kuma idan ya tsufa yakan ɗan miƙe, sai a sami kuskuren santimita ɗaya ko biyu ba tare da an lura ba. Idan faɗin ya haura mita biyu, a samu wanda zai riƙe ɗaya bakin tef ɗin, kuma a hau abin takawa mai ƙwari domin a yi awon a daidai inda sandar za ta zauna.

Sannan a zaɓi ma'auni ɗaya a tsaya a kansa, ko santimita ko inci. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, saboda haka sanda mai santimita 190 ta kusa inci 75. Wanda ya rubuta 75 kawai bai faɗi ma'aunin ba, idan aka ɗauke shi a santimita zai karɓi labulen da bai kai rabin abin da yake so ba. Na fi son santimita, domin babu rabi da kwata da ɗaya bisa takwas da za su rikita lissafi, amma duk wanda aka zaɓa a rubuta sunansa kusa da kowace lamba.

Mataki na biyu: a san inda labulen zai rataya

Kafin a ɗora tef a bango, sai an yanke shawara ko labulen zai zauna a cikin gurbin tagar ne, wato ramin da magini ya bari a bango, ko kuwa a wajensa ya rufe gurbin da wani ɓangare na bangon. Mafi yawan labule a waje ake rataya shi, domin ya fi tare haske kuma yana sa taga ta yi kamar ta fi girmanta. Na cikin gurbi ya dace da ƙananan tagogi, ko inda kabad ko kusurwar ɗaki ta hana a fita gefe.

Idan a cikin gurbi ne, a auna faɗin a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta, domin da wuya a sami bangon da aka yi wa filasta ya miƙe sak. Daga wannan lamba a cire kusan santimita ɗaya domin layin ya shiga ba tare da an yi kokawa da shi ba. A kuma duba yadda tagar ke buɗewa, domin wadda murfinta ke buɗewa zuwa cikin ɗaki za ta riƙa karo da labulen da ke cikin gurbi.

Mataki na uku: faɗin sanda ko layi

Wannan shi ne awon da sauran lissafi duka ya dogara a kansa. Idan an riga an kafa sanda, ita za a auna, a bar tagar. A auna daga inda kan adon da ke ƙarshen sandar ya fara ta ciki zuwa inda na ɗaya gefen ya fara, ba tare da an haɗa da kawunan adon ba, domin labule ba ya hawa kansu. Idan layi ne mai ƙugiyoyi masu zamewa, a auna daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Shawarata ga duk wanda yake da hali ita ce ya kafa sandar tukuna kafin ya ba da ɗinki, domin abin da aka tsara a takarda yakan sauya da zarar mai huda bango ya ci karo da ƙarfe ko wayar lantarki ya matsar da maƙalin sandar gefe.

Idan ba a kafa ba tukuna, a auna faɗin gurbin tagar haɗe da firam ɗinta idan ya fito waje, sannan a ƙara santimita 15 zuwa 20 a kowane gefe. A misalinmu, 150 da ƙarin 20 a dama da 20 a hagu ya ba da 190. Wannan ƙari yana da aiki biyu. Na farko, idan an rufe labulen, haske ba zai kutso ta gefe ba, kuma wanda ke waje ba zai hango cikin ɗaki ta kusurwa ba. Na biyu, idan an buɗe labulen da rana, yadin da ya taru yana buƙatar wurin tsayawa, kuma idan ba a tanadar masa bango ba sai ya tsaya a kan gilashi ya cinye hasken da aka buɗe labulen dominsa.

Santimita 20 ba doka ba ce. Girman tulin da labule ke yi idan an zuge shi gefe ya danganta da kaurin yadin da yawansa da kuma ko an yi masa shafi. Labule shara-shara yana matsewa ya zama siriri, amma karan-miski mai shafi mai tare haske yana yin tuli mai kauri, kuma a kan babbar taga ko ƙofar gilashi mai faɗin mita uku, santimita 20 ba za ta ishe shi ba, sai an kai 30 ko 40 a kowane gefe idan ana son gilashin ya fito gaba ɗaya. A duba kuma abin da ke jikin bangon a gefen tagar, kamar makunnin wuta ko soket ko na'urar sanyaya ɗaki ko ƙofar da ke buɗewa ta wannan wajen. Idan gefe ɗaya ya matse, babu laifi a bar santimita 10 a can a ba ɗaya gefen 30, amma a irin wannan hali ya fi kyau a yi tunanin falle ɗaya da za a riƙa zugewa zuwa gefen da ke da fili.

Kowace taga a auna ta da kanta, ko da ido yana ganin girmansu ɗaya. Tagogi biyu a ɗaki ɗaya sukan bambanta da santimita biyu ko uku, kuma tazarar da ke tsakaninsu da kusurwar bango ba lallai ta zo ɗaya ba. Idan taga ce mai lanƙwasa ko mai kusurwoyi, a bi layin da tef sashe-sashe a haɗa jimilla, kada a ja tef ɗin kai tsaye daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Mataki na huɗu: falle biyu ko falle ɗaya

Labule mai falle biyu yana haɗuwa a tsakiya, kowane falle yana rufe rabin sanda, don haka a sanda mai santimita 190 kowanne zai rufe 95. Falle ɗaya kuwa shi kaɗai zai rufe 190 ɗin. Abin lura a nan shi ne doguwar sanda takan buƙaci maƙali a tsakiya don kada ta lanƙwashe, kuma zoben labule na yau da kullum ba ya iya wuce wannan maƙali. Wanda ya ba da ɗinkin falle ɗaya a kan irin wannan sanda zai tarar labulen ya tsaya cak a rabin hanya, sai dai idan ya nemi zobba masu buɗaɗɗen baya da maƙalin da aka ƙera domin su, ko ya koma ga layi.

Mataki na biyar: yawan tattara

Labulen da faɗinsa ya yi daidai da na sanda, idan aka rufe shi, zai miƙe ne kamar zanen da aka shanya. Kyawun labule yana cikin ninke-ninkensa, kuma ninkin yana samuwa ne daga rarar yadi. Ana lissafa wannan rara da ninka faɗin sanda sau wani adadi, kuma adadin ya danganta da irin ɗinkin da za a yi wa saman labulen.

Labule mai huda da zobban ƙarfe, wanda sanda ke ratsawa ta cikinsu, yana yin kyau daga ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, domin yadin yana tafiya ne gaba da baya cikin manyan lanƙwasa. Dole yawan zobban kowane falle ya zama mai rabuwa biyu, kamar takwas ko goma ko goma sha biyu, domin gefunan biyu su juya su fuskanci bango. Labule mai ƙananan tattara, wanda ake ɗinka wa tef mai zare a baya a ja zaren ya tattaru, yana son ninki biyu zuwa biyu da rabi. Mai ɗinkakkiyar tattara, wadda ake tsuke ninki biyu-biyu ko uku-uku a ɗinke su dindindin, yana cin ninki biyu idan tsukin biyu ne, ya kai biyu da rabi idan uku ne. Labule shara-shara kuwa yakan so biyu da rabi zuwa uku, domin idan bai cika ba sai ya zama kamar babu komai a tagar.

Kaurin yadi da zanensa suna da ta cewa. Yadi mai kauri ba ya buƙatar rara da yawa, kuma idan aka cika masa sai nauyi ya yi wa sanda yawa, tulinsa kuma ya toshe taga. Yadi mai manyan furanni ko zane mai faɗi yana ɓoye adonsa a cikin ninki idan tattarar ta yi yawa. A ganina, wanda bai da wani dalili na musamman ya tsaya a kan ninki biyu, kuma idan ana son a rage kashe kuɗi, gara a sayi yadi mai sauƙi a cika shi da a sayi mai tsada a tsuke, domin ƙarancin yadi shi ne abin da ido ke fara gani daga bakin ƙofa.

A misalinmu, 190 sau biyu ya ba da santimita 380, wato kowane falle zai zama 190 a shimfiɗe bayan an gama ɗinki.

Mataki na shida: ƙare-ƙaren da ake mantawa

Akwai abubuwa uku da ke cin faɗi waɗanda ba sa fitowa a awon sanda. Na farko shi ne kalmasar gefe. Kowane falle yana da gefe biyu, kowane gefe yana cin kusan santimita 5 idan an ninka shi sau biyu, don haka falle biyu suna cin santimita 20, abin da ya kai lissafinmu 400. Wannan aikin tela ne, amma yana da kyau mai sayen yadi ya san da shi.

Na biyu shi ne hawan juna a tsakiya. Wasu layukan suna da ɗan hannu da ke sa falle ɗaya ya hau kan ɗaya da kusan santimita 8 zuwa 10, domin kada a bar tsaga a tsakiya. Na uku shi ne komawa bango. Sanda ko layi ba ya manne da bango, yana fitowa da kusan santimita 8 zuwa 10, kuma idan ana son gefen labulen ya lanƙwasa ya taɓa bango ya toshe hasken da ke shigowa ta nan, sai a auna wannan tazara a ƙara ta a kowane gefe. A ɗakin barci wannan ƙari yana da daraja sosai, domin labule mai tare haske komai kaurinsa ba ya hana hasken da ya zagayo ta bayansa.

Waɗannan ƙare-ƙare sun fi muhimmanci ga labule mai ɗinkakkiyar tattara, domin faɗin samansa ba ya sauyawa bayan an ɗinke. Idan layin 190 ne, hawan juna 10, komawa bango 10 a kowane gefe, jimilla 220 ke nan, kowane falle zai gama a kan santimita 110, kuma gwanin tela yakan ƙara santimita biyu ko uku domin ɗinkakkiyar tattara tana ɗan ja da baya, kada a riƙa fama da labule kafin ya haɗu a tsakiya. Mai tef da zare ya fi yafiya, domin ana iya sassauta zaren ko a ƙara jansa har ya yi daidai da sanda, shi ya sa bai kamata a yanke rarar zaren ba, a naɗe shi kawai a ɓoye a baya.

Mataki na bakwai: mayar da lissafi zuwa faɗin bandir

Yadi ba ya zuwa da faɗin da mutum ya ga dama. Yadin labule da yawa faɗinsa a bandir santimita 137 zuwa 140 ne, wato kusan inci 54, wasu kuma 150. Don haka sai an jera yanka-yanka an haɗa su kafin a sami faɗin da ake so. A raba jimillar da faɗin bandir: 400 a raba da 140 ya ba da 2.86, sai a cike zuwa yanka uku. Yanka uku sun ba da santimita 420, kowane falle ya sami yanka ɗaya da rabi, wato 210, kuma idan aka cire kalmasa 10 da kusan 3 na ɗinkin haɗi, ya rage 197. Falle biyu 394 ke nan a kan sanda mai 190, wato ninki biyu da ɗan ɗoriya, wanda ya yi daidai da abin da aka nufa. Rabin yankan a sa shi ta gefen bango, cikakken yankan ya kasance ta tsakiya, domin ɗinkin haɗin ya ɓuya daga inda ido ya fi sauka.

A nan ne mutum zai gane cewa yawan tattara ba ya hawa a hankali, tsalle yake yi. Da a ce an so ninki biyu da rabi, 190 zai zama 475, da kalmasa 495, a raba da 140 ya ba da 3.5 da ɗan kai, sai a cike zuwa yanka huɗu, wanda a zahiri zai ba da kusan ninki 2.8. Wato a wannan taga zaɓin gaskiya shi ne tsakanin yanka uku da yanka huɗu, sai dai idan za a yarda a yanke wani ɓangare a zubar. Idan lissafi ya faɗa kaɗan sama da cikakkiyar lamba, kamar 3.1, ana iya komawa uku ba tare da an ga bambanci ba, amma daga 3.3 zuwa sama gara a cike.

Yawan yankan shi ke nuna yawan mitocin da za a saya. Idan tsayin labulen 230 ne, aka ƙara 30 na kalmasar ƙasa da ta sama, kowane yanka 260 ne, uku kuma mita 7.8. Idan yadin yana da zane mai maimaituwa, dole zanen ya haɗu a wurin ɗinki, don haka kowane yanka sai ya zama cikakken adadin maimaicin. Zanen da ke maimaituwa kowace santimita 64 zai mayar da 260 zuwa 320, jimilla ta koma mita 9.6. Akwai kuma yadi mai faɗin santimita 280 zuwa 300 wanda ake juyawa a kwance, faɗin bandir ya zama tsayin labule. Da irin wannan, mita huɗu sun wadatar da misalinmu kuma babu ɗinkin haɗi ko ɗaya, muddin tsayin labulen da kalmasarsa bai wuce faɗin bandir ba, kuma zanen an yi shi ne domin a rataya shi ta wannan fuska.

Mataki na takwas: rubuta odar

A rubuta awon a takarda ko a saƙo, kada a dogara da faɗa da baki. A al'adar wannan sana'a faɗi ake fara rubutawa kafin tsayi, amma kada a dogara da wannan ma, a rubuta kalmomin kansu. Ga yadda odar misalinmu za ta kasance: "Tagar falo ta dama. Faɗin sanda tsakanin kawunan ado santimita 190. Falle biyu. Tattara mai tef da zare, ninki biyu. Ba a ƙara komai a wannan lamba ba. Tsayi daga zobe zuwa inda labule zai tsaya santimita 230." Jimlar nan da ke cewa ba a ƙara komai ba tana hana kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi, wato mai oda ya ninka faɗin sau biyu, tela ma ya sake ninkawa, ko kowannensu ya ɗauka ɗayan ya riga ya yi.

Masu ɗinki ba su da tsari ɗaya wajen karɓar awo. Wasu faɗin sanda kawai suke so su yi sauran lissafin da kansu, wasu suna neman faɗin kowane falle bayan an tattara, wasu kuma, musamman masu sayarwa ta intanet, faɗin falle a shimfiɗe suke rubutawa. Kafin a biya, a yi tambaya uku a sami amsa a rubuce: lambar da ake nema ta sanda ce ko ta yadi, ta falle ɗaya ce ko ta biyun a haɗe, kuma ninki nawa za su yi. Idan shafin sayarwa ya ce faɗi 140 kuma yana nufin falle ɗaya a shimfiɗe, falle biyu 280 ke nan, wanda a kan sanda mai 190 bai kai ninki ɗaya da rabi ba. Hoton tagar da sandarta, da aka ɗauka daga nesa yadda bangon gefe zai fito, yana taimaka wa tela ya hango abin da mai awo bai lura da shi ba.

A tambayi kuma ko yadin yana shiga idan an wanke shi. Auduga da lilin suna raguwa a wankin farko, yadin roba kuwa da wuya ya sauya. Idan labulen na wankewa ne a gida kuma ɗinkakkiyar tattara za a yi masa, a jiƙa yadin da shafinsa a shanya su kafin a yanka, sannan a sake auna faɗin bandir ɗin bayan ya bushe, domin idan 140 ya koma 136, yanka uku sun rasa santimita 12, kuma da wannan sabuwar lamba ya kamata a yi rabon da ke mataki na bakwai.